Nauyin Tagulla

A Ladipo, bayan ruwa ya ɗauke,
Nomau ya sa ni kwance naɗin waya
mai kaurin babban yatsana.

Ya ce, ɗaga ka ji.
Na ɗaga, kafaɗata ta amsa.
Ya ce, gaskiya nauyi gare ta.
Ya fere bakin wata da wuƙa,
jan ya kankare, farin sanholo ya leƙo:
wannan kwalliya ce, yaro,
wata rana za ta ɗau zafi ta narke,
ta bar danfo a kan gadar Oshodi,
fasinjoji na zagi da harshe uku.

Jiya Mama Titilayo mai kifi ta zo.
Farantan sola na kan rufinta a Mushin,
amma firjinta sai nishi yake,
siririyar waya ta shanye wutar a hanya.
Na yanko mata taku shida,
na matse kawunan da guduma,
na goge koren da iskar teku
ta bari a kan batir.

Da dare a Idi-Araba
tafin hannuna na ƙarnin ƙarfe.
Na tuna ƙauyenmu, can bayan Illela,
inda rana da iska ke wucewa a banza,
inna na kai wayarta caji sai ran kasuwa.

Ina tara guntaye a buhu, ƙarƙashin gado.
Nomau ya sani. Bai tanka ba.
Ran Asabar ma ya yanke wata da tsawo,
ya turo mini da ƙafa.