Harshen Kaka

Zazzaɓin bara da ya tashi tafiya
bai taɓa zane ba, bai taɓa tukunya ba,
harshena ya naɗe a hammata ya fice.
Tuwo ya koma auduga, miya ruwan famfo,
barkono na tauna kamar takarda,
ko ƙwalla bai sa ni ba.

Sai Mutawakilu jikana, angon nan nawa marar sadaki,
ya ce, "Tsohuwa, Kumasi da faɗi.
Duk Asabar zan zo miki da gidan burodi guda a leda,
sai mun gano inda harshen nan ya ɓuya."
Na ce, "Kuɗin kanikanci ne za su ƙare a kek?"
Ya yi kamar bai ji ba.

Asabar ta fari daga Adum,
kwali mai taga, an ɗaure shi da jan zare,
kek ya sha kirim kamar gwaggwaron biki.
Sidi arba'in yanka ɗaya!
Na kai baki, ya narke, ya wuce
kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Ta biyu Bantama, wurin wata Anti Ajuwa
mai gashi a tandar ƙasa bayan gida.
Mitfai biyu, takarda ta jiƙe sharkaf da mai.
Ɗaya da rabi shi ya cinye yana ba ni labari:
"Albasa ta fi nama, amma ɓawon, Kaka, ɓawon!"
Na dubi burbushi a gemunsa,
ban tanka ba.

Littafin da yake rubuta bashin direbobi
ya juya bayansa ya ja layi:
Asafo, na kwakwa, ya bushe, maki biyar.
Ahojo, cakulan, tsada kamar hayar ɗaki.
Kejetiya, bofurot da zafinsa, uku sidi biyar.
Gefen sunana kuwa sifili, sifili,
ko rabi ban samu ba.

Ta shida aka yi ruwa tun hantsi,
kwatar Aboabo ta cika ta tumbatsa.
Ya shigo jagab, leda a cikin riga,
wani ɗan kek na Tafo, marar suna, marar kwali,
gindinsa ya ƙone.
Ɗacin ƙunar ne ya fara ƙwanƙwasa min ƙofa.
Citta ta biyo shi,
gyaɗar ƙamshi na bayanta,
sukari can ƙarshe, sannu a hankali, kamar mai jin kunya.
Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Ya ce, "Yaya?"
Na dubi rigarsa tana ɗiga a kan tabarma.
Na tuna kafin ciwon nan
yaron kan yi wata uku, ga Suwame ga Aboabo,
ƙafarsa ba ta tako nan ba.
Na haɗiye, na goge baki da bakin mayafi,
na ce, "Auduga."

Yanzu ina da nawa littafin a ciki.
Na Adum ƙamshi ne kawai, sai ka ce turaren ɗan kasuwa.
Na Ahojo akwai nauyi, yana son shayi ba madara.
Ɓawon Anti Ajuwa, yaron ya yi gaskiya,
hannunta ya san bota.
Bayan la'asar nakan ƙara istigfari ɗari,
Allah ya san ƙaryar tsohuwa
ba ta cin haƙƙin kowa ba ce,
in ban da sidin kanikanci.

Jiya ta goma sha ɗaya, burodin bota na Asokwa.
Ina tauna, hankalina na kan labarin wata yarinya
da ya ce tana sayar da kati kusa da garejinsu,
bakina ya suɓuce: "Gishirin nan ya ɗan yi yawa."

Alƙalami ya tsaya.
Fanka tana juyawa, akuyar maƙwabta tana kuka.
Ya sunkuya ya rubuta sifili gefen sunana,
gefen bakinsa yana rawa.
"Mako mai zuwa Kwadaso," in ji shi.
Bai ce ya ji ba.