Ɗaki na Sha Huɗu

"Mako shida kawai," in ji matar ofis,
ta miƙo mini mabuɗi, ba na ƙarfe ba,
kati ne kamar na banki.
Yau kwana ɗari da tara.
Mansura ce ke ƙirgawa da fensir a bayan ƙofa,
ni kuma ina gogewa da yawu
kafin mai duba ɗakuna ya zo ran Talata.

An ce baƙo raɓa ne.
To ga raɓa ta kwana ɗari a Sunderland,
rana ba ta fito ba balle ta bushe.

Akwatinmu huɗu.
Ɗaya ya zama teburin cin abinci,
ɗaya katanga ce tsakanin yara da dare,
na ƙasa ban buɗe shi duka ba.
In na zuge shi kaɗan, daddawar da Inna ta ƙulle a leda uku
sai ta fito ta gaishe ni,
in yi sauri in rufe, kar ta ƙare.

Tagar tana buɗuwa faɗin yatsu huɗu, ba ƙari.
Ta nan Bilya ke leƙen fararen tsuntsayen teku.
Ya ce balbelu ne.
Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo:
"Mama, to ina shanunsu?"

Tasi'u yana aikin dare, yana ɗaga kwalaye.
Shi ya shigo, mu tashi.
Mu kwanta, shi ya fita.
Gadon nan bai taɓa hucewa ba.
Da rana muna magana da ido, muna tafiya da safa,
har kukan Auta na koya masa raɗa.

Alƙibla, in ji waya,
tana kusurwar da ke tsakanin hita da talabijin.
In na yi sujada goshina yana jin ɗumi.

Ranar da na soya albasa a ɓoye
ƙararrawar rufi ta tsala ihu.
Gidan duka ya zubo waje cikin yayyafi,
da rigunan barci, da jarirai a bargo,
harsuna goma, ba wanda na sani.
Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.
Wata tsohuwa daga ɗaki na tara
ta shinshina gyalena, ta lumshe ido,
ta dafa cikinta, ta yi dariya ba haƙori.
Washegari na sami burodi mai zafi a bakin ƙofa.
Har yau ban san sunanta ba.
Ina kiranta Goggo, tana amsawa.

A nan Auta ya fara tafiya.
Daga gado zuwa akwati,
taku huɗu, ɗaki ya ƙare.
A Funtuwa da kaji zai bi har zaure.
Ya dafa bango, ya juyo, ya sake huɗun.

Inna ta kira, ta ce in nuna mata gidan.
Na juya wayar a hankali, a hankali,
don ɗakin ya yi girma.
Ta yi shiru.
Ta ce, "Labulen yana da kyau."

Jiya an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa,
ambulan ruwan ƙasa, da sunanmu an rubuta shi a karkace.
Na sa ta ƙarƙashin filo sai Tasi'u ya farka.
Ko wani gari ne, ko wani ɗaki,
ko wani mako shidan.

A bakin taga akwai kofin yogot.
Bilya ya shuka wake a ciki daga makaranta,
ya fid da kunne biyu, yana karkata wajen haske.
Babansa ya ce kar ya saba da shi, tashi za mu yi.
Ya ce ya sani.
Ya ce a cinya zai riƙe shi cikin mota.