Kilo Goma Sha Bakwai

Ranar Asabar na shiga Panteka,
murfin tukunya aka aike ni saye.
Sai ga shi jingine bayan tulin langa-langa,
ba taya, ba sirdi, ƙaho a karkace,
kamar tsohon sa da aka manta da yankawa.

Ɗanjummai mai sikeli bai ko dube shi ba.
Ya ce, "Ƙarfe ne, malam, kilo ake biya."
Ya rataye shi a ƙugiya, allura ta yi rawa,
ta tsaya a sha bakwai.
Na biya kuɗin ƙarfe, na saɓo Rali a kafaɗa,
yaran maƙera na ta darawa.

Hansatu ta leƙo daga madafa:
"Ina murfin? Wannan na huɗu ke nan fa.
Tsakar gida ce ko asibitin ƙarafa?"
Mai gaskiya ba a ja da ita,
na sunkuyar da kai, na hau kwancewa.

Sarƙa ta kwana uku a kananzir,
cikin gwangwanin madara,
ta fito tana lanƙwasa kamar ta sha tausa.
Noti ɗaya ya ci mini yini da fatar yatsa.
Na bi tsatsa da sanfefa, sannu, sannu,
sai ga baƙin fenti, ga siririn zanen zinariya,
ashe yana nan, ya gaji ne da nunawa.

Sirdi na samo a Kasuwar Barci,
na wani keken da ya riga shi tafiya.
Ƙafafun kuwa sai Baba Ayuba na Tudun Nufawa,
mai ɗaure waya da kunne,
ya ɗan taɓa, ya saurara, ya ƙara murɗawa,
kai ka ce gurmi yake shiryawa.

Ran da na zare bututun sirdi
takarda ta faɗo, a naɗe kamar laya.
Ta albashi ce, daga masaƙa:
Bulus Shekari, sashen rini,
naira ɗari da ashirin,
da wani lissafi a baya, an soke, an sake,
bai kai ga daidaituwa ba har biro ya ƙare zubowa.

Na yi giris, na yi famfo, na nufi Kakuri.
A kan gada kogi ya cika, ja wur da damina,
'yan acaba na yi mini ham kamar na ci bashinsu.
Ƙofar masaƙa a garƙame,
ciyawa ta fi ni tsawo,
awaki ne ke shiga aiki, su ke tasowa.

Mai shayi bai san shi ba.
Mai gyaran rediyo ya ce kamar ya taɓa ji.
Can cikin lungu, wata mai suyar doya
ta karɓi takardar da hannu mai manja,
ta daɗe tana dubawa.

"Babana ne. Sunana Rifkatu.
Shekarar da injuna suka yi shiru ya sayar,
kuɗin jarrabawata.
Bara waccan muka kai shi gida."
Na ce ga shi, ki riƙe.
Ta ce, "In kai shi ina? Ɗaki ɗaya ne,
kuma ban iya hawa ba."

Sai ta miƙa yatsa ga ƙararrawa,
ta kaɗa biyu, ta dakata, ta ƙara ɗaya.
"Haka yake yi in ya karyo kwana."
Doya ta soma ƙuna, ba ta waiwaya ba.
"Ka gyara birkin baya?
Tun muna yara ba ya kamawa."

Na ce na gyara, sabon roba na sa.
A gangaren komawa na matsa shi,
ya yi ƙara, ya yi tsaki, ya ƙi ci.
Na ja da takalmi har bakin kwalta.
Na isa gida bayan magariba,
tukunyar Hansatu na kan wuta,
da faranti aka yi mata rufewa.