Babu Gurbin Goro

Takardar neman tallafi ta ce: rubuta abin da za ka gano.
Da na sani, me zai kai ni tambaya?

Na cike gurabe goma sha ɗaya
a shagon bayan Kasuwar Dole,
wuta ta ɗauke sau biyu.
Kuɗin mai, akwai gurbinsa. Batir ma akwai.
Goron da ake ajiyewa gaban dattijo
kafin ya buɗe baki,
babu.

A jami'a dakta nake.
A majema, "yaron nan mai rakoda".
Baba Nomau ya tsoma fata a ruwan bagaruwa,
ya ce, "Dawo da damina
in lissafa maka waɗanda suka fara jima a Damagaram."

Damina biyu ina Yamai,
ina koyarwa don tuwo.

Jiya saƙo ya shigo: an amince,
wata goma sha takwas.
Na hau kabu-kabu har ƙofar gidansa.
Jikarsa ce ta fito, ta miƙo mini wuƙar jimarsa:
"Ya ce a ba mai yawan tambaya."

Ga ta a aljihu.
Ban san gurbin da zan sa ta ba.