Kwaɗon Rijiyar Nomau

Gaba goma sha ɗaya muka haƙa, ni da babana,
shi a ƙasa da diga, ni a sama da igiya.
Ranar da idon ruwa ya ɓalle, ya ɗebo a tafin hannu,
ya ce, Nomau, kurɓa, jikokinka kake ɗanɗana wa.

Daren Talata tanka ta kwanta a kwanar hanyar Koko
kamar raƙumar da kaya ya rinjaya.
Direba ya fito da takalmi ɗaya yana salati.
Cikinta ya tsage, fetur ya bi kwari
yana neman gangare kamar ɗan gari.
Samari suka fito da jarkoki da bahon wanki,
Hantsi mahauci ya tare su da sanda:
wanda duk ya ƙyasta ashana, uwarsa ta haifi wani!
Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba.
Muka kwana muna cewa an tsira.

Ashe ƙasa ba ta mayar da kyauta.

Kwana tara, Kulu ta jawo guga,
ta ga bakan gizo kwance a kan ruwa.
Kokonta ya yi warin gareji, ta dawo da shi gida.
Akuya ta sunsuna, ta kau da kai.
Kwaɗon da ya shekara yana limanci a ƙasa
ya taso, cikinsa sama.

Sai ga su daga Birnin Kebbi, takalman roba har gwiwa.
Injiniya Asabe ta durƙusa a bakin rijiyata,
ta cika 'yan kwalabe shida, ta rubuta musu suna
kamar jariran asibiti.
Ta shafa jan fenti a murfi.
Na ji kamar a goshina ta shafa.

Buhunan yashi a bakin kwari, garin katako a kan kwalta.
Katafila ta kwashe gonar Barmo, albasa da komai,
ta loda wa tifa baƙar ƙasa.
Suka huda ramuka bakwai, sirara kamar muciya,
suna leƙen inda dafin ya kai.
Inji ya kwana yana zuƙa,
yana tura ruwan cikin gangunan gawayi.
Gawayi! Abin da Kulu ke zubarwa bayan murhu,
yau shi ne bokan ruwa.

Tanka ta ɓata, tanka ke kawo na sha.
Muna layi da bokiti a garin da baƙo bai taɓa roƙon ruwa ba.

Na ce, Injiniya, yaushe?
Ta ce, Baba, tsagewar ta minti biyar ce,
wankin ƙasa kuwa sai damina ta taya mu,
wataƙila biyu.
Na so ta yi mini ƙarya. Ba ta yi ba.

Ita tana da kwalabenta, ni ina da nawa awon.
Kowace asuba, kafin ladan ya gyara murya,
nakan je in kwanta rubda-ciki,
in kara kunne a jikin jan fentin nan.
Jiya ban ji komai ba sai injin.
Shekaranjiya ma haka.
Ranar da kwaɗo ya yi gyaran murya a ƙasa
zan aika Asabe ta zo da kwalbarta
ta tabbatar da abin da ya riga ya faɗa.