Jirgin Kaka a Ƙofar Ruwa

Sunan unguwarmu Ƙofar Ruwa,
amma ruwan da muka sani na 'yan garuwa ne,
jarka biyu ma sai an yi ciniki.
Nan kakana Jatau ya sauke kayansa
shekarar da kogin garinsu ya janye ƙafa:
tabarma, taru mai warin banda,
da kwale-kwale a bayan motar itace.
Wani ya ce, makarar wane ƙato ce wannan?
Wani ya ce, kai, komin shanu ne.

Aka kife shi a soro.
Kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinsa,
Inna Tabawa ta shanya kuɓewa a gadon bayansa,
mu kuwa nan muke ɓuya in mun fasa tulu.

Wata goma sha ɗaya jirgin na barci,
Kaka na Sabon Gari yana sayar da kifin wasu.
Yakan juya tarwaɗa a hannu kamar mai karanta wasiƙa:
wannan ta Tiga ce,
wannan ta kiwo ce, ba ta taɓa gamuwa da igiyar ruwa ba.

Sai marka.
In ta kwana uku ba ta ɗaga ba,
kududdufin bayan makaranta ya cika ya batse,
Kaka zai narka kwalta a gwangwanin madara,
ya bi tsagar katako da tsumma, a hankali,
kamar mai yi wa jariri wanka.
Ba shela, amma kowa ya ji.
Ilu bakanike ya rufe gareji.
Barau mai kwanon rufi, wanda ubansa ya yi su a Baga,
ya zo da filafilin da yake tokare ƙofa da shi.
Maza takwas suka ɗauki jirgin a ka,
yara na biye suna dukan galan.
Mata suka hura wuta a gaɓa.
Kifin daga kasuwa aka sayo, kowa ya sani,
ba wanda ya faɗa.

Kududdufi dai kududdufi ne:
ga leda, ga silifa wari guda, ga kainuwa.
Amma da Kaka ya tsaya a ƙarshen jirgi
da gwangwala a hannu,
sai ƙusumbinsa ya manta da shi.
Huɗu-huɗu yake ɗibar mu.
Ya nuna katangar gidan burodi: ga Yawuri can.
Ya nuna juji da balbela a kai: tsibiri ne, ku yi sallama.
Muka yi sallama.
Wallahi mun ga hayaƙin bukkokinsu.

Shekara biyu ke nan da muka kai shi makwanci.
Bara tifa ta yi ta zarya,
aka cike kududdufin da ɓaraguzai,
aka jera shaguna, aka shafa musu fenti.

Bana marka ta zo neman gidanta,
ta tarar da kwaɗo a ƙofa,
sai ta shigo lungunmu, har ƙugu.
Da asuba ni da Ilu muka birkice jirgin.
Ba kwalta, sabulu muka cusa a tsagar.
Muka fitar da Inna Tabawa da akuyarta,
da keken ɗinkin Uwale,
da buhun gero rabinsa jiƙe.
Gwangwalar ba ta san hannuna ba,
sau biyu na kai mu jikin turken lantarki.
Barau na kan katanga yana ihu: ta hagu, ɗan birni!
Har masu kuka suka yi dariya.

A sawu na biyar
'yar Uwale, mai giɓi, ta ja mini riga.
Muna daidai gidan burodi.
Ta ce, Kawu, ina ne nan?

Na share ruwan da ke fuskata.
Na ce, zauna sosai, kar ki jingina.
Mun kusa Yawuri.