Biyu a Fata Ɗaya

Shekara shida ina tsaye a mayankar Lexington,
wuƙa a dama, sanyi a gwiwa,
ina tara dala kamar mai tsintar gero a yashi.
Ran da ta kai, na hau mota zuwa Bassett,
can cikin tuddan Nebraska,
na sayi 'yan maruƙa mata arba'in,
baƙaƙe wuluk, ba ƙaho, ba tozo.
Da Baffa Gide ya ga hotonsu
cewa ya yi, "Wa ya aske wa shanun nan kwarjini?"

Tsoho Hruska ne ya ba ni hayar fili.
Bakinsa ba ya buɗewa sai da lissafi:
ingirici kaza, gishiri kaza, allura kaza.
Ya ce, kada ka raɗa musu suna,
lambar kunne ta isa.
Na ce to.
Da dare na raɗa wa ta sha bakwai Goshi,
don ɗigon fari tsakanin idanunta.

Hunturun nan ba ya sallama.
Kafin asuba ina fasa ƙanƙarar kwami da gatari,
numfashinsu na tashi kamar hayaƙin murhu arba'in,
gemuna ya daskare,
alwala ta zama jarumta.
Suna tuƙa, ina ƙirga.
Duk loma da farashinta.

Da ciyawa ta yi kore muka saki bajimai biyu,
'yan haya su ma, kamar ni.
Wata biyu suka yi, aka zo aka kwashe su.
Sauran aiki na Mai Sama ne.

Sai ranar duba.
Likita Darla ta zura hannu har kafaɗa,
ido a kan ɗan allo mai hazo,
tana faɗa ba ta ko ɗago kai:
da ciki, da ciki, da ciki.
Talatin da tara.
Da aka zo kan Goshi ta daɗe tana lalube,
ta zare safar, ta ce, wayam.

Hruska ya ce, wannan ta nama ce,
kwana ɗaya ta ƙara a nan asara ce.
Gaskiya ya faɗa.
Amma na san hanyar da za ta bi,
na san ƙofar, na san ƙugiyar,
na san wanda ya gaji wurin tsayuwata.
Na ce a bar ta ta ga wata damina.
Ya tofa yawu gefe, bai ce uffan ba.

Ranar gwanjo mai kira na zuba lambobi
kamar ruwan sama a kan kwano,
ba na tsintar komai sai sunana da ya karya biyu.
Masu huluna suna ɗaga yatsa.
Ba saniya suke saye ba,
abin da ke kwance a cikinta suke taya,
biyu a fata ɗaya,
ɗaya a fili, ɗaya alkawari.
Minti huɗu.
Wata goma sha uku na rayuwata, minti huɗu.

A mota na yi lissafi a bayan rasit.
Na cire ingirici, haya, likita, la'ada,
na cire rancen Tanimu da Bashari.
Abin da ya saura ba zai sayi gida ba,
amma ya fi ƙarfin a kira shi banza.
Na tura wa Baffa na goro.

A watan Maris waya ta yi ƙara, ƙarfe uku na dare.
Wata mata ce daga Dakota, ban san ta ba:
hoton maraƙi jiƙe a kan ciyawa,
lamba tara na lasar kansa.
Na daɗe ina kallo.
Ni na ciyar da shi tun bai da ƙashi,
ga shi ba zai taɓa jin muryata ba.

Da gari ya waye na fita da gatari.
Goshi na tsaye ita kaɗai a bakin kwami,
gefenta ga dami guda na ingirici
wanda ba ni na ajiye ba,
da sawun tayar Hruska a kan ƙanƙara.